Rigar iyo da kwanon ruwan kare: wanne ya cancanci kuɗinka?

Tambaya: Ina da kwikwiyo ɗan wata shida da nake son koya wa shiga ruwa. Shin sai na saya masa rigar iyo, wato rigar da ke hana shi nutsewa, ko kowane kare da iyawarsa ake haihuwarsa?

Amsa: Malam, ba kowane kare ne ya iya iyo ba. Irin Labrador da Newfoundland ruwa ba ya ba su wahala, amma masu gajeren hanci da faɗin ƙirji irin su buldog sukan gaji nan da nan, domin sai sun ɗaga kai sosai kafin su shaƙi iska, ƙugunsu kuwa sai ya yi ƙasa. Saboda haka rigar ta cancanci saye, ko da naka daga masu iyawar ne. Wajen zaɓen girman rigar, kada ka dogara da nauyin kare da aka rubuta a jikin kwalinta. Ka auna kewayen ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba, ka zaɓi mai launi mai haske da mariƙi a gadon baya wanda za ka iya ɗago shi da shi. Idan ka ɗaura masa, yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Da yake kwikwiyon yana girma, ban ga dalilin sayen mai tsada yanzu ba.

Sai dai riga ba ta koyar da iyo. Ka fara da inda ruwan bai wuce gwiwarsa ba, ka shiga tare da shi, minti biyar zuwa goma sun isa a ranar farko, kuma ka nuna masa mafita tun kafin ya gaji. Jefa shi ciki, kamar yadda wasu ke yi da sunan koyarwa, tsoro kawai yake dasa masa. Bayan ya fito ka ɗauraye shi, ka tsane masa kunnuwa.

Tambaya: Wane kwano ya fi, kuma ruwa nawa ya kamata karena mai kilo 20 ya sha?

Amsa: Malama, ki ɗauki na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin na roba yakan karce, datti ya maƙale a karcen. Kare yana buƙatar kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo a yini, wato naki zai sha lita ɗaya da 'yan kai, fiye da haka idan ana zafi, tun da yake da haki yake sanyaya jikinsa. Ko bakin ruwa za ku je, ki tafi da nasa a gora, saboda ruwan teku yana sa shi amai da zawo, kwantaccen ruwa mai gansakuka kuwa yana iya ɗauke da guba. Idan dasashinsa ya bushe yana danƙo, ko kika ja fatar wuyansa ta yi jinkirin komawa, ruwa ya yi masa ƙaranci. Idan kuma shansa ya ninka ba tare da zafi ko guje-guje ba, ki kai shi wurin likitan dabbobi a duba suga da ƙoda.