Hannuna na rawa idan na gaji da aiki: jijiyata ce ke mutuwa?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni birkila ne, shekarata 34. Ranar da muka yini ɗaukar bulo, zuwa la'asar hannuna sai ya kama karkarwa, cebur ma ya nemi kuɓuce mini. Abokan aiki sun ce jijiya ce ke mutuwa, wai in riƙa shan tramol da safe. Ina tsoron shanyewar jiki.

AMSA: Malam, ka kwantar da hankalinka. Idan karkarwar tana zuwa ne bayan aiki mai nauyi, kuma kafin gari ya waye ta tafi, to jijiyarka lafiya lau take.

Kowace jijiyar saƙo da ta fito daga laka tana riƙe da nata rukunin zaren tsoka. Da safe, laka kan fara tura ƙananan rukunai masu juriya. Suna gajiya sai ta gayyato manyan, masu ƙarfi amma saurin sarewa, kuma jansu ba shi da santsi, fizga-fizga suke yi. Wannan fizgar ita ce karkarwar da kake gani. A cikin tsokar kuma wani sinadari mai suna fotashiyam na taruwa a wajen zaren, yawansa ya ninka ko ya fi, saƙon lantarki ya rage gudu, kalshiyam ɗin da ke sa zare ya ja shi ma ya ragu. Daga nan wasu siraran jijiyoyi na cikin tsoka su kai rahoto laka da ƙwaƙwalwa, sai a rage yawan umarni. Mutum ya matse hannu iya ƙarfinsa, saƙon da ke zuwa wajen sau 30 a daƙiƙa kan faɗo kusan rabi cikin minti guda. Birki ne jiki ya taka da gangan.

Wannan birkin ne tramol ke tsinkewa, kuma nan ne raina ke ɓaci. Kullum maganar ɗaya ce a bakin leburori, manoma da 'yan acaɓa: "yana cire gajiya." Babu gajiyar da yake cirewa. Fotashiyam yana nan, tsoka tana nan a galabaice, kai ne kawai ka daina jin kukanta. A 2009 masu bincike a Amurka sun toshe wa 'yan tseren keke wannan rahoto da allurar fentanil, wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, a gadon baya, suka sa su tseren kilomita 5. Sun fara da ƙarfi fiye da yadda suka saba, rabi na biyu suka sare, ba su riga lokacinsu na da ba, tsokar cinyarsu kuwa ta fi galabaita. Wannan a gaban likitoci ke nan, na 'yan mintuna. To ina ga mai yini a rana bisa tsani da kwanon siminti a ka?

Tramadol, wato tramol, da hukuma ta amince da shi a Najeriya miligiram 50 da 100 ne, kuma ko mai ciwo ba a wuce masa 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa 225 ne, har da 250. Ƙwaya biyu ka riga ka ƙetare iyaka, abin da ka iya biyo baya shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya da danne numfashi. Jijjiga a saman gini faɗuwa ce. Tsokar da aka tilasta wa aiki cikin zafi da ƙishirwa kuma tana iya farfashewa, dattinta ya toshe ƙoda. Mai kemis ɗin da ke miƙa wa lebura wannan ƙwaya ba tare da takardar likita ba ya san abin da yake sayarwa, ya ji tsoron Allah. Haka masu tsira wa mutane "allurar jijiya" da ɗaura ƙarin ruwa don gajiya: kuɗinka kawai suke ci.

Abin yi ba shi da tsada. Ka huta minti 10 a inuwa duk bayan awa guda, ka riƙa sauya hannu da irin aikin, ka sha ruwa kofi ɗaya duk bayan minti 20 lokacin zafi, ka ci abinci kafin ka fara, ka samu barcin awa 7. Wanda ya riga ya saba da ƙwayar kada ya yanke rana ɗaya, ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

Amma ka garzaya asibiti idan fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi, ko raunin ya tsaya a ɓari guda tare da karkacewar baki, ko hannun na ramewa, ko yana rawa kana zaune ba ka yi komai ba. Idan kuma fatar ido na saukowa da yamma, kana ganin abu biyu-biyu, tauna na gajiyar da kai, to matsalar tana iya zama a mahaɗar jijiya da tsoka, kuma likitan jijiyoyi zai auna ta da gwajin lantarki.