Iyayena Za Su Zo Yawon Buɗe Ido: Yaya Zan Tsara Musu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni wani babban birni mai tarin ƙabilu da harsuna, kuma na daɗe rabona da iyayena sai ta waya. Yanzu za su zo mu yi kwana goma tare, kuma na rubuta wurare sama da ashirin da nake so su gani. Mahaifina yana da ciwon suga, mahaifiyata kuma gwiwa tana damunta. Ta yaya zan tsara ziyarar ta yi armashi ba tare da na gajiyar da su ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo su lafiya. Shawarata ta farko ita ce ka koma ga jerin nan ka rage fiye da rabinsa, domin wurare ashirin a kwana goma tsari ne na matashi mai jini a jika, alhali waɗanda za ka yi wa rakiya kai suka yi marmarin gani, birnin kuwa ƙari ne kawai.

Aikin yana farawa tun kafin su taso. Ƙasashe da yawa suna buƙatar fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma suna neman sauran wata 3 bayan ranar fita, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga mai neman biza. Magunguna su kasance a jakar hannu, cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita. Wannan ya fi muhimmanci ga mahaifinka idan allurar insulin yake yi, saboda sanyin wurin ajiye kaya a jirgi yana iya lalata ta, kuma bambancin agogo zai sauya lokacin allurar, abin da likitansa ne ya kamata ya tsara masa tun a gida. Ka duba maganin gwiwar mahaifiyarka ma, domin ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Singafo suna da tsauraran dokoki kan shiga da wasu magungunan kashe raɗaɗi kamar kodin. Sannan ka nema mata keken tura marasa ƙarfi daga kamfanin jirgin aƙalla awa 48 kafin tashi, ko da ta ce ba ta buƙata, domin nisan da ke tsakanin ƙofar jirgi da wurin duba fasfo a manyan filaye ya isa ya tayar da ciwon gwiwa. A tafiyar da ta wuce awa 4 kuma, su riƙa tashi suna ɗan takawa don gudun daskarewar jini a ƙafa.

Ranar da suka sauka da washegari kada ka tsara komai. Jiki yakan ɗauki kusan kwana guda kafin ya saba da kowace awa ta bambancin lokaci, kuma abin ya fi tsanani ga wanda ya yi gabas. Ɗan zama a hasken rana da kwanciya a lokacin barcin garin sun wadatar.

Game da yawon kansa, ka ɗauki unguwa guda a kowace rana maimakon tsallake-tsallake daga wannan kusurwar gari zuwa waccan. Biranen da al'ummomi suka cakuɗu suna da wannan alfanu, cewa abin kallo a tattare yake. A Singafo, alal misali, titi guda mai suna South Bridge Road yana ɗauke da masallacin Jamae, da wurin bautar Hindu na Sri Mariamman wanda aka kafa a 1827, da wani babban wurin bautar mabiya Buddha, duka cikin tafiyar 'yan mintoci. Irin wannan titi ya fi wa dattijo amfani a kan manyan gine-gine uku da ke nesa da juna, domin zai gani, ya zauna, ya yi tambaya. Gidajen tarihi kuwa suna yaudarar mutum da girmansu. Shiga British Museum na Landan kyauta ne, amma ɗaki biyu ko uku da aka zaɓa tun daga gida sun fi ƙoƙarin gama shi. Ka kuma binciki hanyar kafin ranar, domin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da dama a Landan ba su da lifta, don haka bas ya fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa, ga shi kuma ana kallon gari ta taga. Idan hanya ta biyo ta wurin ibadar wasu, ka tambaye su tun da wuri ko suna son shiga, kuma idan sun fi son kallo daga waje kada ka matsa. Wani abu da zai kwantar musu da hankali shi ne ba za su zama abin kallo ba saboda sutura ko harshe. A Toronto, misali, kusan rabin mazauna birnin a wajen Kanada aka haife su.

Abin da na ga ya fi wahala a irin wannan haɗuwa ba ya cikin taswira. Mahaifin da ya saba shi ne a gaba zai tsinci kansa yana bin ɗansa a baya, bai san hanya ba, bai iya sayen tikiti ba, kuma wannan yana da ciwo ko da bai furta ba. Maganinsa shi ne ka mayar masa da wani abu a hannu: katin sufuri nasa na kansa, kuɗin ƙasar a aljihunsa, layin waya mai aiki, da adireshin masauki a rubuce a takarda. Kowace safiya ka gabatar musu da wuri biyu su zaɓi ɗaya. Ka kuma sani cewa iyaye ba kasafai suke cewa sun gaji ba, don kada su ɓata wa ɗansu shiri. Za ka gane ne idan takunsu ya ragu, hira ta ɗauke, ko ka ga mahaifiyarka tana dafa bango tana waiwayen benci. A nan sai ka ce kai ne kake son a zauna a sha wani abu, kuma kada lokacin cin abincin mahaifinka ya wuce saboda layin shiga wani wuri.

Ka ware kwana ɗaya ko biyu ka nuna musu rayuwarka ta yau da kullum: ɗakinka, hanyar da kake bi zuwa aiki, da mutanen da kake hulɗa da su, domin waɗannan ne tambayoyin da suka daɗe suna yi a zuci. Manyan maganganu kuma, na aure ko kuɗi ko yaushe za ka dawo, za su taso ko ka so ko ba ka so ba, don haka gara ka ba su wani maraice a tsakiyar ziyarar, a gida cikin natsuwa, maimakon su ɓarke a bakin titi ko a daren bankwana. Ranar ƙarshe ka bar ta ga haɗa kaya da auna nauyinsu, ka sake tabbatar da keken da aka nema, ku isa filin jirgi awa 3 kafin tashi.