Na'urar maƙalawa a kunne don ciwon kumburin hanji: in saya ko in bari?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Daura: Assalamu alaikum. Maigidana ne likita ya ce yana da kumburin hanji wai alsaretib kolaitis, yana shan mesalazin amma kuɗin maganin ya fi ƙarfinmu, sai na ga ana tallar wata na'ura a Facebook da ake maƙalawa a kunne wai tana motsa jijiya ciwon ya tafi. In saida awakina in saya mashi?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Kar ki saida awakin nan don wannan na'urar, dan Allah.

Ba wai maganar jijiyar ƙarya ba ce fa. Akwai wata doguwar jijiya da ake kira bagus, ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka har zuciya da huhu da hanji, kuma tun shekarar 2000 wani likita Kevin Tracey a New York da mutanensa suka nuna cewa in an motsa ta da ɗan lantarki tana sa jiki ya rage fitar da sinadarin TNF, wanda shi ne kan gaba wajen hura wutar kumburi, shi ne ma allurai masu tsada irin su infiliksimab ke toshewa. To amma kin ga gwajin da aka fi ambata kan hanji, na Bruno Bonaz a garin Grenoble na Faransa da aka wallafa a 2016, mutum 7 ne kacal masu cutar Kron, wani nau'in kumburin hanji daban da na maigida, 5 suka samu sauƙi bayan wata 6. Abin farin ciki ne, sai dai mutum bakwai ba su isa a ce an samu magani ba, kuma su tiyata aka yi masu aka dasa abin a jiki, waya ta naɗe jijiyar a wuya, likitoci na bibiyarsu. Ko dasawar tana zuwa da dishewar murya da tari.

Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dasa irin wannan don farfaɗiya tun 1997, sai a 2025 ta amince da ta kamfanin SetPoint don amosanin gaɓɓai. Ta hanji har yanzu a matakin bincike take. Ta kunnen ma ana gwada ta, amma ƴan mutane kaɗan ne, kuma wadda mai talla zai turo maki a mota ba ki san ƙarfin wutar da take badawa ba balle inda ya kamata a ɗora ta.

Abin da ya fi tada mani hankali shi ne maigida ya ajiye mesalazin saboda ya samu na'ura. Ciwon nan lafawa yake yi ya dawo, in aka bar magani sai zawo da jini su dawo da ƙarfi, jini ya ƙare, a kwana asibiti a kashe ninkin abin da ake gudu. Ku koma wurin likitan ku faɗa mashi gaskiya aljihu ya gaza, ku tambaya ko sulfasalazin zai yi mashi, tsohon magani ne kuma yawanci ya fi araha. Sannan ya guji diklofenak da ibufurofen da ake saye a kemis, suna tada ciwon.

Tambaya ta biyu daga wani matashi a Ƙofar Ƙaura, Katsina: Wata huɗu ina bayan gida da jini ina ramewa, na sha maganin basir har na gaji, ko in gwada na'urar?

Malam kai ba ka ma san abin da ke damunka ba tukuna. Mu a nan komi basir ne, alhali zai iya zama atini, ko tarin fuka na hanji wanda ke kama da Kron sosai, ko wani abu da ya fi su. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina a yi maka gwajin bayan gida da na jini, in likita ya ce sai an leƙa hanjin da kyamara ka yarda, ko da za a tura ka Asibitin Malam Aminu Kano. Kuma kar ka bari wani ya ba ka maganin rage kumburi firednisolon a kemis kafin a gano, in tarin fuka ne zai ƙara rura shi. Kuɗin na'urar ka riƙe su na mota da gwaji, ka tafi cikin satin nan.