Tambayi Likita: Ƙwayar Ƙarfin Gaba, Wa Za Ta Yi Wa Amfani, Wa Za Ta Cutar?

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato magungunan asibiti da ake bayarwa don raunin gaba. Na zaɓi shida, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai tambaya.

Assalamu alaikum likita. Shekarata 57, ina da hawan jini, kuma wani lokaci ƙirjina kan riƙe idan na yi tafiya mai nisa, har aka ba ni wata 'yar ƙwaya da nake sawa a ƙarƙashin harshe. Kwanan nan gabana ya yi rauni, wani abokina ya ba ni Viagra guda biyu. Zan iya sha?

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka sha. Na sa tambayarka a farko ne da gangan, domin ita ce wadda kuskure a cikinta kan kai mutum ga rasa rai.

Ƙwayar da kake sawa a ƙarƙashin harshe, bisa yadda ka kwatanta ta, daga dangin naitiret take. Duba jikin kwalbar, za ka ga an rubuta nitroglycerin ko glyceryl trinitrate ko isosorbide. Aikinta buɗe jijiyoyin jini don zuciya ta samu sauƙi. Shi ma sildenafil, wanda shi ne ainihin maganin da ke cikin Viagra, buɗe jijiyoyin jini yake yi, kuma ta hanya ɗaya suke bi. Idan suka haɗu a jiki sai jini ya faɗi warwas, mutum ya ji jiri, gumi ya karyo masa, ya yanke jiki ya faɗi. Zuciyar da dama jini bai ishe ta ba, a irin wannan lokaci take bugawa.

Ba abin mamaki ba ne, domin shi sildenafil asalinsa ma maganin zuciya aka so a yi. Kamfanin Pfizer ya fara gwada shi a Birtaniya ne don masu ciwon ƙirji, bai yi abin da ake fata ba, amma mazan da aka yi gwajin da su suka riƙa ba da labarin wani canji a wani wurin. Daga nan aka juya akalarsa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998.

Na taɓa ganin wani dattijo da ya zo neman wannan magani. Na tambaye shi ko yana shan wani abu, ya ce a'a, sai na hawan jini kawai. Na ce ya zazzage min duk abin da ke aljihunsa a kan tebur. Ga makullai, ga katin asibiti da ya lanƙwashe, sai ga wata 'yar kwalba ruwan ƙasa, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya ce, "Ai wannan ba sha nake ba likita, a ƙarƙashin harshe nake sawa." A wurinsa abin da ba a haɗiya da ruwa ba magani ba ne. Tun daga ranar na daina tambayar me mutum yake sha, sai dai in ce ya kawo min su in gani da idona.

Akwai abu na biyu da ya fi ƙwayar muhimmanci a gare ka. Jijiyoyin da ke kai jini gaba sun fi na zuciya sirantaka, don haka idan kitse ya fara toshe hanyoyin jini, su ne kan fara nunawa, wani lokaci shekaru kafin zuciya ta yi ƙorafi. Kai kuma ga shi zuciyar ta riga ta fara magana. Ka koma wurin likitan da ke duba ka, ka faɗa masa duka biyun, riƙewar ƙirjin da raunin gaban. Shi zai auna ko zuciyarka za ta ɗauki wahalar saduwa, ya kuma duba ko cikin magungunan hawan jininka akwai mai kashe gaba, domin wasunsu suna yi, kuma ana iya canza su. Haka wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a 'yan watannin nan, da wanda jininsa dama a ƙasa yake, su ma sildenafil ba nasu ba ne sai likitan zuciya ya yarda.

Ga sauran masu karatu kuma: idan ka sha ƙwayar ƙarfin gaba sai ƙirjinka ya riƙe, ka dakata, a kai ka asibiti, kuma ka faɗi abin da ka sha da lokacin da ka sha tun kafin a tambaye ka. Ba a ba da naitiret sai an yi awa 24 bayan sildenafil, awa 48 bayan ɗan'uwansa tadalafil, wato Cialis. Ma'aikacin da bai sani ba zai iya sa maka shi da kyakkyawar niyya.

Likita barka da aiki. Ina da ciwon suga shekara tara. Likita ya rubuta min sildenafil mai miligiram 50, na sha sau biyu ban ga komai ba. In haɗa biyu ko uku lokaci guda?

A'a ɗan'uwa, kada ka ƙara da kanka. Sau biyu ma bai isa a ce magani ya gaza ba. Mukan so mutum ya gwada sau shida zuwa takwas, yadda ya dace, kafin a yanke hukunci. Kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa min da "bai yi ba", idan muka zauna sai in tarar yadda aka sha ne matsalar.

Bari in yi maka bayanin yadda yake aiki, za ka gane. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin laka da ke gaba kan saki wani sinadari da ke sa naman da ke jikin hanyoyin jini ya saki, jini ya kwararo ya cika wurin. Akwai kuma wani sinadarin, PDE5, mai share wannan saƙo don komai ya koma yadda yake. Abin da ƙwayar ke yi kawai shi ne ta riƙe hannun mai sharewar na 'yan awanni. Ba ta ƙirƙiro sha'awa. Wanda ya sha ya koma gefe ya zauna yana duba agogo yana jiran abu ya tashi da kansa, zai kwana yana jira. Sai an yi wasa, hankali ya kwanta, sannan take samun abin da za ta taimaka wa.

Sai lokaci. Ana shan sildenafil kamar awa ɗaya kafin saduwa, ƙarfinsa kan kai wajen awa huɗu. Idan ka cika ciki da abinci mai maiƙo sannan ka sha, zai yi jinkirin shiga jini. Giya kuma tana rage miƙewa, tana ƙara jiri. Sau ɗaya ake sha a awa 24, kuma miligiram 100 ne iyaka. Abin da ya haura haka ciwon kai da faɗuwar jini yake ƙarawa, ba ƙarfi ba.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce masu ciwon suga ba sa samun amsa kamar sauran mutane, saboda suga na lalata hanyoyin jini da jijiyoyin laka a tare. Ka koma a duba sugarka na wata uku, a duba kitsen jini da ƙoda, a auna sinadarin maza da safe. Idan kana shan taba, ka san tana cikin masu laifi. Likitanka na iya kai ka 100 ko ya canza maka wani. In duk ba su yi ba, akwai allurar alprostadil da ake koya wa mutum yi da kansa, akwai famfon da ke janyo jini, akwai tiyata. Hanya ba ta ƙare a kan ƙwaya ba.

Ina shan tamsulosin saboda kumburin furostet. Na ji ana maganar Cialis, wai ya fi Viagra. Mene ne bambancinsu?

Dangi ɗaya ne, bambancin a tsawon zama ne. Tadalafil, wato Cialis, ya fito a 2003, yana iya kai awa 36 a jiki, kuma abinci bai dame shi ba. Ana shan miligiram 10 ko 20 lokacin buƙata, ko 2.5 zuwa 5 kullum. Awa 36 ɗin ba ana nufin gaba zai tsaya tsawon lokacin ba ne, ana nufin duk sanda sha'awa ta zo a cikinsa, taimakon na nan. Ya fi sa ciwon baya da na cinyoyi. Akwai kuma vardenafil da avanafil, na ƙarshen ya fi saurin kamawa.

A wurinka, Baba, tadalafil mai 5 na kullum yana da ƙarin amfani, domin ana ba da shi don wahalar fitsarin furostet ma. Amma tamsulosin da 'yan'uwansa irin su doxazosin suna sauke jini, don haka haɗin sai da tsarin likita, a fara da ƙarami, kuma ka riƙa tashi daga kwance a hankali. Ka ambata masa idan kana shan maganin ƙanjamau mai ritonavir, ko maganin fungas ketoconazole, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin. Waɗannan kan hana hanta fitar da maganin, sai ya taru a jini, ƙarfinsa ya wuce kima.

Likita ni mai sikila ne, shekarata 29. Na kusa aure, tsoro nake ji kada in ji kunya a daren farko. In tanadi ƙwayar?

Allah ya sanya alheri. Amsa biyu zan ba ka.

Ta farko ta shafi kowane saurayi mai wannan fargaba. Idan gabanka na miƙewa da asuba ko cikin barci, alama ce hanyoyin jini da jijiyoyi lafiya lau suke. Tsoro ne ke sa jiki ya saki sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, shi ya sa mai fargaba kan ga abin ya kwanta daidai lokacin da ya fi buƙata. Wannan kan wuce idan an saba da juna. Jiki ba ya kamuwa da jarabar ƙwayar, amma tunanin mutum yana yi. Na ga samari lafiyayyu da suka fara da "don ko-ta-kwana", suka wayi gari ba sa yarda da kansu sai da ita.

Ta biyu taka ce kai kaɗai. Masu sikila suna cikin haɗarin miƙewar da ba ta sauka, jini ya maƙale a gaba, ga zafi, babu sha'awa. Wataƙila ma ka taɓa samun gajerarta da dare. Shan wannan ƙwaya ba tare da sanin likitan jininka ba ganganci ne. Kuma kowa ya riƙe wannan adadi: miƙewar da ta kai awa huɗu, a tafi sashen gaggawa, ko ƙarfe nawa ne. Jinin da ya maƙale babu iska a cikinsa, naman wurin kan fara mutuwa, kuma wanda ya zauna a gida yana jin nauyin faɗa har gari ya waye ya sake wayewa, yana iya rasa miƙewa har abada.

Assalamu alaikum. Maigidana yana shan wani maganin ƙarfin maza da aka ce na itatuwa ne zalla. Duk sanda ya sha fuskarsa kan yi ja, hancinsa ya toshe, ya ce fitila ta koma shuɗiya. Ina tsoro, kuma ban san yadda zan yi masa magana ba.

Wa alaikumus salam baiwar Allah. Abin da kika lissafa, jan fuska, toshewar hanci, ganin shuɗi, su ne sanannun alamun sildenafil. Ganin shuɗin na faruwa ne saboda maganin na ɗan taɓa wani sinadari a cikin ido mai kama da wanda aka yi shi dominsa. Ina kyautata zaton an zuba shi a cikin abin da ake kira na itatuwa. Hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil da tadalafil a ɓoye cikin irin waɗannan kayan. Illar ita ce ba wanda ya san nawa aka zuba, kuma mai ciwon zuciya da aka hana shi Viagra shi ne kan fi rugawa wurinsu yana ganin ya tsira.

Su waɗannan alamun, tare da ciwon kai da ƙwannafi, kan wuce da kansu. Waɗanda ba a jira da su: gani ya ɗauke kwatsam ko da a ido ɗaya ne, ji ya ragu farat ɗaya, ciwon ƙirji, suma.

Batun magana kuwa, kada ki ɗauko ta a shimfiɗa, kuma kada ki fara da gaban. Ki fara da idon da fuskar, ki ce sun tsorata ki, kina so a auna jininsa da suga. Wannan gaskiya ce, kuma ƙofa ce da namiji kan iya shiga ba tare da ya ji an taɓa masa mutunci ba. Ya tafi da kwalin maganin. Idan yana buƙatar sildenafil, a rubuta masa na gaskiya mai adadi sananne, ya saya a kantin magani mai rajista.

Ni matsalata saurin kawowa ne, kuma shekara uku ba mu samu haihuwa ba. Ƙwayar za ta taimaka?

Ba a yi ta don ko ɗaya daga cikinsu ba, Malam. Ba ta ƙara yawan maniyyi ko ingancinsa, ba ta ƙara girma, kuma saurin kawowa yana da nasa magungunan da dabarun daban. Sai dai idan kana gaggawa ne don tsoron kada gaban ya kwanta, to nan gyara miƙewar kan rage saurin. Shekara uku kuwa ta wuce lokacin jira. Ku je tare da iyalinka, a fara da gwajin maniyyinka, domin shi ya fi sauƙi, ana yin sa bayan kwana biyu zuwa bakwai ba a sadu ba.