An jibge bulo a filin ƙwallon yaranmu, ya za mu yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Don Allah shawara nake nema. Fili ɗaya tal ya rage a unguwarmu da yara ke buga ƙwallo, kwanan nan muka wayi gari an sauke yashi da bulo wai an sayar. Yanzu yaran sun koma titi ga 'yan adaidaita sahu ba sa jin kira, wasu kuma sun koma wanka a kududdufi. Mazan unguwa sai surutu a majalisa. Mu mata me za mu iya?
Maman Biyu, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin komai ki bincika, unguwar taku awon gwamnati ce ko awon igiya, wato filayen da masu su suka yanka da kansu suka sayar ba tare da taswirar gwamnati ba? Don nan gizo ke saƙar.

In awon gwamnati ce to akwai taswira, kuma a ciki akan ware wurin makaranta da asibiti da filin jama'a, sai ku rubuta takarda da sa hannun mutanen unguwa, maza da mata, mai unguwa ya buga hatimi a kai wa dagaci da hakimi, kwafi ɗaya kuma a kai KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, a nemi a duba ko filin na jama'a ne, don su ke ba da izinin gini kuma su ke shafa jan fenti su tsayar da shi. Dokar filaye ta 1978 cewa ta yi ƙasa amana ce a hannun gwamna saboda jama'a, don haka ba roƙo kuka je yi ba. Amma fa ku hanzarta, in gini ya kai linta magana ta yi wuya. Kuma kar ki je ke kaɗai, ku ja limami da shugaban makaranta da matasan da ke ƙwallon.

In kuwa awon igiya ce, gaskiya mai ɗaci, wataƙila filin na wani ne da bai samu kuɗin gini ba sai yanzu. Nan sai lallami. A zauna da shi, a yi karo-karo, a nemi masu hali na unguwa su saya su bayar waƙafi da takarda da shaidu, ko a roƙi firamaren gwamnati ta kusa ta riƙa buɗe filinta bayan la'asar.

Maganar kududdufi ita ta fi tada min hankali. Ban da nutsewa, a irin ruwan nan yara ke kwaso tsargiya, in kin ga jini a ƙarshen fitsarin yaro a kai shi asibiti, akwai magani, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Amma kar ku ce a cike shi da bola a huta, shi ke shanye ruwan damina, in aka cike shi, gidajenku ruwan zai shigo. A kewaye shi kawai, ranar tsaftar ƙarshen wata kuma a yi gayya a yashe kwatocin da ke zuba ciki.