Amsa ga mai neman hanyar burjin da zai hau keke babu mota

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya da daddare, wanda ya ce ya koma wajen Kwanar Dawaki da zama, ya sayi keken gwanjo mai faɗin taya, yana neman hanyar burjin da babu mota saboda tirela ta kusa shafe shi a titin Zariya. Wallahi da na karanta sai da na kife wayar na yi shiru. Kai "kusa" ka ce, ƙanena. Ni tawa ba kusa ba ce.

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Likita ne ya ce sugana ya hau, in ban motsa jiki ba allura zan koma, gwiwata kuwa ba ta son gudu, shi ne na sayi keke. Wata Asabar cikin hunturu na idar da sallar Asuba na fito daga Na'ibawa na nufi Ƙarfi. An yi hazo, amma ina can gefe, ko mai tura baron rake bai kai ni raɓewa ba. Dab da gadar Tamburawa wata tifar yashi ta fito daga hanyar rafi ta hau kwalta, ko tsayawa bai yi ba, hon ma ban ji ba. Abin da na sani kawai bodin ya taɓa kan keken, sai ga ni a ƙasa, ruwan yashin nan yana ɗiga daga bayan motar a gefen fuskata. Ina kallon tayar baya ta bi ta kan ƙafar keken ta gaba ta mayar da ita kamar faifai. Da kaina ne a wurin, da yanzu wani ne yake ba ka amsa.

Ba ma karayar ce ta fi ci mini rai ba. Direban ya sauko yana gyara hula, ya fara zagaya motarsa yana duba ko fenti ya goge. Sai da ya gama sannan ya waiwayo inda nake kwance na dafe kafaɗa, ya ce, "Haba Alhaji, da girmanka da furfurarka kana wasan yara a titi? Ba ka da mota ne?" Yaron motarsa yana dariya. Har gobe in na rufe ido ina ganin haƙoran yaron nan. Wani dattijo mai shayi ne ya bar tukunyarsa a wuta ya zo ya tallabe ni, ya cire rawaninsa ya ɗaure mini hannu a ƙirji. Allah Ya saka masa da Aljanna, ko sunansa ban tambaya ba a ranar, sai daga baya na koma na neme shi.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. 'Yan'uwa suka ɗauke ni sai wurin mai ɗori, aka ja, aka matsa, na yi ihun da ban taɓa yi ba tun kaciya. Bayan sati uku da aka ɗauki hoto a asibiti aka ga bai hau daidai ba. Don Allah duk wanda ya faɗi ya fara zuwa a yi hoto. Shi kuma mai motar bai taɓa tako gidana ba, wakili ya turo, ya biyo ta hannun kawuna, wai a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kuɗin da suka ajiye a kan tabarma ko ƙafar keken ba za su saya ba. Kawu ya ce in yafe, na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa. Wata huɗu ina sa riga da taimakon uwargida, ita kuma kullum sai ta tuna mini ai ta faɗa.

To, kan tambayarka. Gaskiya hanyar da babu abin hawa sam ba mu da ita, ko'ina ka je za ka haɗu da babur ko kurkura ko amalanken shanu. Amma wadda ta fi kusa da abin da kake nema ita ce bakin kanal na noman ranin Kadawa, daga Ƙarfi zuwa Kura, ka gangara Garun Malam ko ka karkata wajen Bunkure. Ruwan daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974, aikin marigayi Audu Bako, kuma da aka haƙa manyan kanal ɗin an bar hanya a gefensu domin masu kula da ruwa. Ita muke bi. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, jan burji a wani wuri, a wani wurin ƙasa ce da ta daddale. Kuma ba ka ɓata, in ka rikice ka bi ruwa, ko ka tambayi duk manomin da ka gani ina hanyar Kura. Ranar da na fara komawa kan keke bayan na warke can na je, alkama ta yi kore shar hagu da dama, balbelu na bin masu ban ruwa, babu ƙarar komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Na tsaya a kan wani kwalbati na yi ta hawaye kamar yaro, ban san dalili ba.

Amma ka ji abin da ya fi komai: kada ka hau keken daga gida zuwa can. Tsakaninka da wurin akwai kogi, kuma gadar da za ka bi ita ce wadda na faɗi a bakinta. Tunda aka gyara titin nan motoci gudu suke kamar an koro su. Ka cire ƙafar gaba ka jefa keken a but, ko ka biya mai mota kuɗin kaya ya sauke ka a Ƙarfi ko Kura. Kura ma duka-duka wajen kilomita 30 ne daga gari, kai da kake Kwanar Dawaki ka riga ka ci wani abu daga ciki. Wasu a nan za su ce wane irin ɗan keke ne yake ɗaukar keke a mota. Su faɗa. Ni na ga ƙarƙashin tifa.

Ta ɓangarenku kuma, ba sai ka tsallaka ruwa ba, akwai hanyoyin ƙauyukan Dawakin Kudu da burtali tsakanin gonaki. Har gari gare su mai suna Tsakuwa, amma kada sunan ya ruɗe ka, ni yawancin inda na bi a yankin rairayi na tarar, tayar gaba ta nutse ka sauka kana turawa yara suna binka. In za ka gwada, ka rage iskar taya kaɗan, ka sa giya mai sauƙi, kada ka danne kan keken da ƙarfi. Sun fi daɗi kwana ɗaya bayan an yi ruwa, lokacin da yashin ya kwanta. Bakin kanal kuwa akasin haka ne, in aka yi ruwa jiya kada ma ka fara, lakar nan tana cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafa ta daina juyawa, ka dawo da keke a kafaɗa. Ni kuwa kafaɗar ma ba ni da ita.

Ƙaya! Na kusa mantawa. Tsidau shi ne babban maƙiyinka, ɗan ƙaramin nan mai kaifi ta kowane gefe da yake kwance a ƙasa. Akwai ranar da na yi faci huɗu kafin ƙarfe tara. Ka riƙe tib biyu, famfo, gam da faci, kuma kafin ka mayar da tib ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali, don ƙayar tana nan a maƙale tana jiran sabon. Kada ka jingine keke a gindin bagaruwa ko aduwa don neman inuwa.

Ka yi wa mutane sallama. Wurin neman abincinsu ne, mu baƙi ne. "Sannunku da aiki" ba ta rage maka gudu. In ka ga tiyon ban ruwa ya gitta hanya ka sauka ka ɗaga keken, in an shanya shinkafa ka zagaye. In garke ya taho ka tsaya cak a gefe har su wuce, hular kwano da riga mai ƙyalli suna firgita shanu, karnukan ruga kuma gudu ne yake sa su bi ka. Lokacin tumatir, daga wajen Janairu zuwa Maris, motocin kwanduna suna shiga har gona su fito su nufi kasuwar Kwanar Gafan, to ka yi sammako ka fita kafin rana ta ɗaga. Kuma duk zafin da ka ji kada ka shiga kanal wanka don ka ga yara suna yi, akwai tsargiya a irin ruwan nan.

Abin da yake ba ni haushi, garin nan fa garin keke ne. Babana da keken Raleigh ya yi aikinsa har ya yi ritaya, a lokacin kamfanin ma har masana'anta gare shi a nan Kano. Malamin makaranta, ɗan kasuwa, mai unguwa, kowa keke. Yau an yi gadar sama an yi ta ƙasa, ba a bar wa mai keke ko taku biyu ba, har wani da bai kai ɗan cikina ba yana ce mini wasan yara. Kai, bari in bar maganar nan, raina ya fara ɓaci.

Kada ka je kai kaɗai karon farko, kuma kada ka ɗaura waya a kan keke ka fito da duku-duku, kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwace. Mu uku ne muke fita ran Asabar, muna haɗuwa a Ƙarfi da gari ya waye, mu yi awa biyu mu dawo mu sha fura. Ba ma gudu, ni ne ma na baya kullum. In za ka zo ka yi mini magana ta gefe, kuma ka taho da famfonka, nawa yana zuƙar iska.