Gwaggo Indir da tambaya kan rufin asiri

Tambayoyi biyu da suka iso wannan mako duk a kan fim ɗaya suka faɗo, wato Pather Panchali, wanda Satyajit Ray ya shirya da harshen Bengali, ya fito a 1955. Ga wanda bai kalla ba, labarin wani gida ne a ƙauyen Nischindipur. Maigidan, Harihar, malamin addinin Hindu ne mai son rubuce-rubuce, aljihunsa kullum wayam. Matarsa Sarbajaya ke fama da tukunya. 'Ya'yansu biyu, Durga da ƙanenta Apu, sai wata tsohuwa tukuf mai suna Indir da ke raɓe a gefen gidan.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce: "Malam, me zan kira tsohuwar nan da Hausa, kaka ko inna?"

'Yata, babu ko ɗaya. Indir 'yar'uwar Harihar ce ta nesa, don haka a wurin yaran gwaggo ce. Inna ta ɓangaren uwa take. Tsufa kuma ba ya mai da mace kaka a lissafin dangi, ko da yake muna kiran tsofaffi haka don girmamawa. Gwaggo, kawu da baffa duk daga Fulfulde muka aro su. Wasu Hausawan kan ce baba, da karin sauti dabam da na uba.

Sanin ɓangaren da take shi ke buɗe labarin. A wurin Sarbajaya, Indir dangin miji ce, ƙarin baki a kan abincin da ba ya isa. Durga takan tsinko mata 'ya'yan itace a lambun maƙwabta, gorin kuma ya faɗa kan uwar. Mukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To a gidan nan yunwa ta sa an yanke: tsohuwar ta dawo neman wurin kwanciya aka hana ta, daga baya yaran suka tarar da gawarta a cikin kurmin gora. Chunibala Devi da ta fito a matsayinta tana da kimanin shekara 80, kuma ta rasu kafin fim ɗin ya shiga sinima.

Wani malamin makaranta daga Kano ya ce: "Na ji cewa Nargis, jarumar fim ɗin Mother India, ta zargi Ray da tallar talaucin Indiya ga Turawa. Shin abin da ya yi ba tonon asiri ba ne? Kuma me ya sa muke kiran ɗan abin hannu rufin asiri?"

Malam, zargin ya faru. Nargis ta yi shi a 1980, tana 'yar majalisar dattawan Indiya. Tun kafin nan ma wasu jami'an gwamnati sun so hana tura fim ɗin bikin fina-finai na Cannes a Faransa saboda wannan dalili, sai Firayim Minista Nehru ya sa baki. Can ya sami kyauta a 1956, a 1958 kuma ya yi wata takwas ana nuna shi a New York.

Kalmar asiri daga Larabci ta zo, abin da aka ɓoye ke nan. Idan Bahaushe ya ce yana cikin rufin asiri, ba dukiya yake nufi ba. Yana nufin tukunya tana hawa wuta, ba a fita roƙo, maƙwabci bai san abin da aka ci jiya ba. Shi ya sa addu'ar "Allah ya rufa asiri" ta dace da attajiri da talaka baki ɗaya. Wannan kuwa shi ne yaƙin da Sarbajaya ke yi daga farkon fim har ƙarshe. Mijinta ya tafi neman kuɗi, watanni ba labari. Ta buɗe akwati ta fito da kwanukan tagulla ta sayar a ɓoye, maƙwabciya mai tausayi tana gefe amma ta kasa buɗe baki ta roƙe ta.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na sarƙar duwatsu. An zargi Durga da ɗauke ta a gidan maƙwabta, ta musa. Bayan ruwan damina ya doke ta, zazzaɓi ya ɗauke ta, ana haɗa kaya za a bar ƙauyen zuwa Banaras, Apu ya tsinci sarƙar a inda yayarsa ta ɓoye. Bai gaya wa kowa ba. Ya jefa ta cikin kududdufi. Idan ɗalibi ya ce in nuna masa ma'anar "ya rufa mata asiri", nan zan kai shi.

Tonon asiri kuwa yana da sharuɗɗa a bakinmu. Sai akwai abin kunya da aka ɓoye, sai kuma mai tonon ya yi da nufin muzantawa. A nan ne ya kamata mu raba talauci da tsiya. Talauci a aljihu yake tsayawa, tsiya kan kai har ga hali, shi ya sa talaka ba zagi ba ne amma matsiyaci zagi ne. Mutanen da Ray ya nuna talakawa ne masu mutunci, yaransu suna bin mai alawa a baya, suna ratsa fili da gudu don su ga jirgin ƙasa. Kuma ba baƙo ne ya leƙo ta katanga ba. Marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Bibhutibhushan Bandyopadhyay, a ƙauyen Bengal ya tashi, littafin ya fito a 1929. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi Ray ɗan birnin Kalkata ne, amma sai da ya jinginar da gwala-gwalan matarsa don aikin da ya fara a 1952, kafin gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ƙarasa biya.

Ban raina damuwar Nargis ba. Wanda bai san Indiya ba sai ta fim ɗaya zai iya ɗauka cewa ƙasar duka rufin da ke yoyo ce, kuma mu ma mun san zafin a san ka da hoton yunwa kaɗai. Sai dai laifin nan na mai kallo ne da bai nemi ƙari ba. Wanda zai ba da labarin gidansu da gaskiya, ranar wanka ce gare shi, ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka idan za ka faɗi zargin da Hausa, ka ce tallar talauci, ko ɓata sunan ƙasa, gwargwadon yadda mai zargin ya nufa. Tonon asiri bai hau ba, domin masu asirin da kansu sun karɓi fim ɗin. Da ya fito a Kalkata ranar 26 ga Agusta 1955, kwanakin farko kasuwa ba ta buɗe ba, sai labari ya bazu daga baki zuwa baki, mutanen Bengal suka cika sinima. Gwamnatin Indiya kuma ta ba shi lambar zinare ta shugaban ƙasa, a matsayin fim mafi kyau na wannan shekarar.